Murɗa Sukurun Silo Ba Gyaran Mota Ba Ne

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da wuta, ya ƙara masa abin hawa bayan raƙumi da doki da jaki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Wannan magana ce a kan wata cuta da ta addabi tsofaffin motocin da ke bin hanyar Rano da Kibiya, da kuma wani maganin jabu da a ke yi mata. Cutar ita ce mota ta yi ta gudu lafiya ƙalau a kan hanya, amma da zarar direba ya ɗage ƙafarsa daga totur, a kwana ko a bakin kasuwa ko wurin sauke fasinja, sai inji ya kama karkarwa, muryarsa ta yi ƙasa, ya mutu. Kanikawa kan ce motar ba ta da silo. Silo kuwa shi ne juyin da inji ke yi shi kaɗai sa'ad da mota ke tsaye, ba a taka masa kome ba. Maganin jabun shi ne a sa sukudireba a murɗa wani ɗan sukuru a jikin kafireto, inji ya ɗaga murya, a ce an gyara.

Abin da a ke so a tabbatar a nan shi ne, wannan murɗawa ɓoye cuta ce. Wanda ya yi ta, ya karɓi lada da sunan gyara, ya ci abin da bai aikata ba. Wanda ya sa aka yi ta domin ya sayar da mota, ya yi algus. Wanda kuma ya san halin motarsa ya cika ta da bayin Allah ya hau hanya, ya yi wasa da amana.

Fasali na farko: dalilin da ya sa maganar ta shafi mutanen wannan ƙasa

Rano tsohon gari ne, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Kibiya ƙasar noma ce da fatauci. Dawa da masara da gyaɗa da shinkafa da ke fitowa daga Rurum da Saji da Zurgu, ko daga Tarai da Durba da Kahu, ba su isa kasuwa sai a kan ƙafa huɗu ta roba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a wajen Bunkure da Kura, ya ƙara kayan da ba su jira, irin su tumatir, wanda in ya kwana a hanya kuɗinsa ya ragu. Malami mai zuwa ziyara, da mai kai mara lafiya asibiti, da falken da zai kai kaya Dawanau, duk a mota ɗaya su ke haɗuwa.

Motocin nan kuwa mafi yawansu sun manyanta. Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, ta fito a Faransa a 1968, aka soma haɗa ta a Kaduna a 1975, aka ci gaba har cikin shekarun 2000. Golf 3, wadda ta zama jakin hanyoyin ƙauye, an soma ƙera ta a Jamus a 1991, kuma sai da ta gama yi wa Turawa bauta sa'an nan ta ƙetaro, da yawa ta hanyar Kwatano, kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa a farkon 2017. Bayan da aka saki darajar naira a 2023, sabuwar mota ta yi wa talaka nisa, kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano su ma suka yi tsada. Saboda haka tsohuwar mota ita ce jarin mai ita, ita ce gonarsa. Wanda ya cuce shi a kanta ya cuce shi a kan abincin iyalinsa.

Fasali na biyu: yadda inji ke rayuwa, da abin da ke kashe shi a tsaye

Injin fetur yana rayuwa da abu huɗu: iska, da mai, da wuta, da matsi. Yana zuƙar iska gauraye da fetur, ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama, sa'an nan ya fitar da hayaƙi ta salansa. Gaurayen da ya dace shi ne kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Lafiyayyen inji da ya ɗumama yakan yi juyi 700 zuwa 900 a minti ɗaya in yana tsaye. A wannan hali ƙofar totur a rufe ta ke sai ɗan kaɗan, abincin da inji ke samu ƙanƙane ne, don haka kowace 'yar tawaya sai ta bayyana. A kan gudu kuwa yawan mai da ƙarfin juyi kan rufe aibi. Misalinsa kamar almajiri ne da ke karatu cikin taro: muryoyi sun rufe kurensa, sai an zaunar da shi shi kaɗai gaban malam a ke sanin inda tilawarsa ta karye. Silo shi ne zaman inji gaban malam.

Sababan da ke kashe inji a tsaye ga su bisa ga waɗannan abubuwa huɗu.

Na wajen iska iri biyu ne. Akwai ƙarancinta, watau matatar iska ta toshe da ƙura. Wannan ya fi yawa cikin hunturu da kuma kan hanyoyin burji na ƙauyuka. Akwai kuma ɓarauniyar iska, wadda ke shiga ta inda ba a ba ta hanya ba: tiyon roba da rana ta busar ya tsage, ko gasket ɗin gindin kafireto ya lalace, ko na manifol, watau bututun da ke kai wa inji numfashi. Wannan iska takan tsinka gaurayen, mai ya yi kaɗan, inji ya yi ta shessheƙa. Ita ce ta fi kowane sababi ɓuya ga mai gaggawa.

Na wajen mai shi ne datti da ruwa. Cikin kafireto akwai wata 'yar kafa ta musamman wadda inji ke sha ta cikinta in yana tsaye, kanikawa na kiranta jet ɗin silo. Faɗinta kusan rabin milimita ne, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe ta. Tsohon tanki yakan yi tsatsa a ciki, ruwa kuma ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasan tanki inda famfo ke ja. Man galan na gefen hanya, wanda ya sha ƙura da mazurari mara tsabta, yakan kawo duka biyun. Ba ma na galan kaɗai ba: a watan Fabrairu na 2022 hukuma da kanta ta bayyana cewa an shigo ƙasar nan da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai sinadarin metanol fiye da kima, aka janye shi, aka yi dogayen layuka a gidajen mai, masu motoci da yawa suka koka.

Na wajen wuta shi ne fulogi da ya cinye ko ya yi baƙi, da wayoyinsa da suka tsufa suna zubar da wuta, da kwayil mai rauni, da kwantak na cikin distiribita a irin su Fijo. Ratar kwantak wajen milimita 0.4 ce, ta fulogi a yawancin tsofaffin motoci 0.6 zuwa 0.8. In ratar kwantak ta canja, lokacin ba da wuta ma ya canja, shi ne abin da a ke kira taimin.

Na wajen matsi shi ne bawul da ya ƙone ko ya matse ba ya rufuwa, da ringi da ya cinye, da gasket ɗin kan inji da ya hura. Wannan shi ne mafi tsada, kuma shi ne wanda mai sayarwa ya fi son ɓoyewa.

Motar injekta, irin yawancin Golf 3, ba ta da kafireto tun asali. Wata 'yar ƙwaƙwalwa ce ke auna mata iska da mai, tana jin labari daga na'urorin da ke gaya mata zafin ruwa da yawan iska, tana kuma da na'urar da ke riƙe silo da kanta. Cutarta mafi yawa ita ce baƙin dauɗa da ke taruwa a maƙogwaron totur, ko ɗaya daga cikin na'urorin nan ta riƙa ba da labarin ƙarya, ko ɓarauniyar iskar da aka ambata. Sau da yawa wanki da canjin tiyo sun isa. Amma an sha ganin an cire injekta ɗungum an ɗora kafireto, don kawai mai gyaran bai san karatun wannan babi ba.

Fasali na uku: alamomi, da tsarin bincike

Likitan ƙwarai yakan fara da tambaya, haka ma bakanike na ƙwarai. Yaushe ta ke mutuwa? In da sanyin safiya ne kawai, in ta ɗumama ta daina, a duba cok, ko na'urar zafin ruwa a motar injekta. In sai ta yi zafi ta ke mutuwa, ta huta ta tashi, a tuhumi kwayil da sauran kayan wuta, ko mai da ke tafasa cikin bututu. In tana mutuwa daidai lokacin da aka taka birki, a duba busta da tiyonta, watau tukunyar nan da ke aron zuƙar inji tana sauƙaƙa birki, gama in ta huje iska ta nan ta ke shiga. In sai an kunna fitila ta ke yin ƙasa, a duba caji da fambel. In cutar ta soma ran da aka sha mai a wani wuri, ba sai an yi nisa ba, a tsiyayo kaɗan cikin kwalba mai haske a ajiye, in da ruwa zai kwanta a ƙasa kowa ya gani.

Bayan tambaya sai duba hayaƙi. Baƙin hayaƙi mai warin fetur alamar mai ya yi yawa ne. Shuɗi alamar inji na cin baƙin mai ne. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama, tare da raguwar ruwan lagireto, alamar gasket ɗin kai ne. Sa'an nan a kwance fulogai a jera su bisa tsarinsu. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiyayye ne. Mai baƙin toka busasshe shaidar yawan mai ne. Mai fari fat shaidar ƙarancinsa ne. Mai jiƙe da baƙin mai shaidar ringi ne ko hanyar bawul. In guda ɗaya ya saɓa wa 'yan'uwansa, cutar tana ɗakinsa.

Tsarin aiki kuwa shi ne a fara da mai araha, mai sauƙin gani, a gangara zuwa mai tsada. A duba matatar iska da ta mai. A kasa kunne a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, gama ɓarauniyar iska tana da 'yar shewa kamar ta maciji, kuma in aka matse tiyon da ke yoyo muryar inji takan canja nan take. A gyara wuta da taimin, a daidaita ratar bawul. In har yanzu da saura, a sa ma'aunin matsi a kowane ɗaki. Sa'an nan a kwance kafireto a wanke, a hura kafofinsa da iska, kada a zura musu waya, domin waya na faɗaɗa kafa, mota ta koma shan mai har abada. Bayan duk wannan, inji ya ɗumama, sai a zo kan sukuru. Guda biyu ne a jikin kafireto, ɗaya na yawan juyi, ɗaya na gauraye, kuma an yi su ne domin daidaita lafiyayyen inji. Sukuru shi ne hatimin aiki. Wanda ya fara da shi kamar wanda ya fara salla da sallama ne.

Akwai gargaɗi biyu da ya wajaba a haɗa da wannan. Kada a tsiyaya fetur cikin bakin kafireto ana tayar da inji da fuska a kusa, gama yakan yi aman wuta. Kada kuma a bar inji yana aiki a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa na ɗauke da guba mara wari da ke kashe mutum bai farga ba.

Fasali na huɗu: ɓarnar da murɗawa ke jawowa

A ƙaddara wani ɗan kasuwa ya ɗoro buhuna daga wajen Tarai zai kai Rano, mota ta mutu masa sau uku kafin ya iso. Ya ratse wurin wani bakanike.

Bakanike ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Me ya same ta?"

Ya ce, "Ɗana, in na tsaya sai ta mutu. Yi mini sauri don Allah, kasuwa na ci."

Bakanike ya buɗe gaba, ya murɗa sukuru sau biyu, inji ya ɗauki ruri. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ta warke." Alhaji ya ba da na goro, ya tafi yana sa albarka.

To, me ya faru a haƙiƙa? Tsagaggen tiyon yana nan inda ya ke. An buɗe wa inji ƙofar totur ne kawai, kamar an ɗora masa ƙafa ba a ɗagewa. Ɓarnar farko ta aljihu ce. Ƙaramar mota mai lafiya takan sha rabin lita zuwa lita 1 a awa guda tana tsaye, wadda aka ɗaga wa murya kuwa ta fi haka, kuma motar haya rabin rayuwarta a tsaye ta ke, tana jiran fasinja ko lodi. Can da mai ke da araha ana iya kau da kai. Amma tun ran 29 ga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. Abin da Alhaji ya ƙi biya na tiyo sau ɗaya, zai biya shi a gidan mai kowane mako.

Ɓarna ta biyu ta inji ce. Gaurayen da mai ya yi wa kaɗan yana ƙara zafi a ɗakin wuta, yana iya ƙona bawul. Wanda mai ya yi wa yawa yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi ya cinye da wuri. Giya takan soma ƙara wurin shiga, kuloci ya wahala, wani lokaci a kashe makulli inji ya ƙi mutuwa. Gyaran da zai ƙare a kan tiyo sai ya koma sauke inji.

Ɓarna ta uku ita ce mafi girma, ta rai ce. Cutar da aka rufe ba ta daina girma, wata rana za ta fi ƙarfin sukurun, kuma ba ta shawara da direba kan wurin da za ta kama shi. In inji ya mutu mota na tafiya, busta ba ta da sauran taimako sai na taki ɗaya ko biyu, daga nan birki ya yi tauri kamar dutse. In sitiyarin mai amfani da famfo ne, shi ma ya yi nauyi. A gangare, ko a kwana, ko a tsakiyar babbar hanyar Kano zuwa Zariya sa'ad da a ke ƙetarawa tirela na tafe, wannan ba abin wasa ba ne. Kwana ya ƙare sai an tafi, gaskiya ne, amma shari'a ba ta ɗauke wa mai sakaci alhakin sakacinsa ba.

Fasali na biyar: hukuncin mas'alar

Malaman mazhabar Imamu Malik ba su ga mota ba, amma sun ga irin wannan dabara a kasuwar dabbobi. Akwai abin da a ke kira tasriya, watau mutum ya ƙi tatsar saniya ko taguwa ko tunkiya kwana da kwanaki, hantsarta ta cika, ya kai ta kasuwa mai saye ya zaci mai yawan nono ce. An hana wannan. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil an ba mai saye damar mayar da dabbar, ya haɗa da sa'i ɗaya na abincin da mutanen garin suka fi ci, a madadin nonon da ya tatsa. Illar hanin ita ce an yi wa kaya wani aiki domin su nuna kamalar da ba su da ita. Mai hankali ya duba, ina bambanci tsakanin cika hantsa da ɗaga silo ran da za a kai mota wurin dillalai? Haka ma zuba baƙin mai mai kauri domin a rage hayaƙi, da ɗumama inji tun kafin mai saye ya iso domin kada ya ga yadda ta ke tashi da sanyi.

Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kowane ɗalibi a zaurukan ƙasar nan ya sani, ta hana algus da yaudara da ɓoye aibi a ciniki. Wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa, yana da zaɓin ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Cewar mai sayarwa "yadda ka gan ta haka ka saya" ba ta kuɓutar da shi daga aibin da ya sani ya yi shiru. Dillalin da ya sani ya taya rufewa, la'adarsa ta gauraya da abin da ba shi da kyau.

Wajen bakanike kuwa, aikinsa ijara ce, kuma sharaɗin ijara a san aikin a san ladan. In an yi da shi a kan gyara, ya yi rufi, bai cika abin da aka ƙulla ba. Malikawa kuma sun ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka bar musu suka keɓanta da su, domin kare dukiyar jama'a. Har wa yau Risala ta halatta a yi sharaɗi da likita a kan warkewa. Bisa ƙiyasi da wannan, babu laifi mai mota ya yi jinga da bakanike cewa cikon lada sai mota ta riƙe silo a kan juyinta na asali, da sanyi da zafi.

Fasali na shida: abin da za a iya cewa, da amsarsa

Idan aka ce, mutum ne mota ta mutu masa a daji tsakanin Kibiya da Rano, magariba ta gabato, ga mata da yara, shin ba za a murɗa masa sukuru ya isa gida ba? Sai a ce, a murɗa, har da lada wurin Allah. Wannan lalura ce, kuma lalura ana auna ta da gwargwadonta. Sharaɗi ɗaya ne, a gaya masa gaskiya: "Malam, wannan dabarar isa gida ce, gobe ka kawo ta a bincika." Laifin yana cikin sunan da aka ba aikin, da shirun da aka yi.

Idan aka ce, ai wani lokaci sukurun ne da kansa ya kwance saboda girgizar hanya, murɗa shi kuwa shi ne gyaran. Sai a ce, haka ne, yakan faru. Amma ba a sanin haka sai an kore sauran sababai, kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji shaidu. Alamar gaskiyar wannan ita ce inji ya zauna lafiya a kan juyi 800 ko kusa da haka, ba karkarwa, ba hayaƙi. In ba ya zama sai an kai shi sama da 1,000, akwai sauran magana.

Idan aka ce, an matsa wa kanikawa, alhali kuwa talakawa ne masu neman abin sawa a baka. Sai a ce, wannan ita ce magana mafi nauyi, kuma rabin laifin na masu mota ne. Ɗan kasuwar da ya san ba a sayen buhu sai an soka masa ƙarfe an ga ƙwaya, shi ne kuma ba ya yarda ya biya ladan bincike. In bakanike ya ɓata awa biyu yana bin tiyo da waya, ya gano tsaga, ya canja ɗan guntun roba, sai a ce masa, "Wannan ɗan abin za ka ce a ba ka kaza?" In kuwa ya sauke kafireto ya ɗora wani ba bisa dalili ba, sai a biya da murna, don an ga ƙarfe. Da haka masu mota suka koya wa kanikawa cewa sani ba shi da kasuwa. Alhali ladan na sanin inda cutar ta ke ne. Malamai sun fi kowa gane wannan, gama su ma abin da ke ƙirjinsu ba a auna shi da mudu.

Ana kuma zuwa gareji ran kasuwa da lodi a kai, a tsaya a kan mai gyara ana duba agogo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda motarsa ta soma karkarwa ya ware mata yini guda da ba na kasuwa ba, ya bar ta ta kwana in ya yiwu, domin a gan ta da sanyi a kuma gan ta da zafi.

Kammalawa

Abin da ya kamaci mai mota shi ne ya riƙe labarin cutar sosai, ya faɗe shi duka, ya nemi a nuna masa abin da ya lalace da idonsa, ya biya ladan bincike ba da ƙunci ba. Ya riƙa kaɗe matatar iska cikin hunturu, ya canja ta mai a kan kari, ya guji barin tanki ya ƙafe har famfo ya jawo laka. Abin da ya kamaci bakanike shi ne ya kira kowane aiki da sunansa, in bai gane ba ya ce bai gane ba, ya tura wurin wanda ya fi shi, gama faɗin "ban sani ba" bai taɓa rage darajar malami ba, balle ta mai sifana. Shugabannin kanikawa da na tasha a Rano da Kibiya suna da ikon hana motar da ke mutuwa a tsaye ɗaukar fasinja sai an gyara, kuma in sun yi haka sun taimaki direban kafin kowa. Abin da ya kamaci mai sayarwa da dillali shi ne su bayyana aibi, a rage kuɗi gwargwadonsa, abin da ya saura ya zama halal. Malamai kuma, in an zo babin ciniki a zaure, su kawo misalin mota kusa da misalin saniya, domin ɗalibin yau ya fi shiga gareji bisa ga shiga kara.

Allah ya kiyaye matafiya, ya sa albarka a sana'ar masu sana'a, ya tsare dukiyar Musulmi daga algus. Allah shi ne mafi sani. Haza wassalamu.